Kuɗin Perkins da ajin kanikanci: wai sai an sa ni a CLNA kafin a saya min kayan aiki?

Bakaniken_Makaranta

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah masu koyarwa a Amurka, musamman na ɓangaren sana'o'in hannu da ake ce wa CTE, ina neman haske.

Ni bakanike ne, na daɗe a gareji kafin Allah ya ba ni aikin koyar da gyaran mota a wata sakandaren gwamnati a nan inda nake. Yara na son ajin sosai, kullum a cike yake har da masu jiran gurbi. Matsalar kayan aikinmu duk sun tsufa, kwamfutar duba mota da muke da ita ba ta karanta motocin yanzu yadda ya kamata, ba mu da ko safar hannun lantarki balle mota haibirid, mai aiki da fetur da lantarki, ko ɗaya da yara za su koyi yadda ake kashe babban batir kafin a taɓa komai, alhali duk garejin da za su je neman aiki a garin nan sai sun tarar da Prius ko 'yar uwarta a ciki.

Na rubuta wa matar da ke riƙe da kuɗin CTE a gundumarmu, amsar da ta ba ni abu biyu ce. Wai buƙatar ajina ba ta fito a CLNA ɗin da aka yi ba, wato binciken buƙatun yanki da gunduma ke yi. Sannan wai yawancin yarana kwas ɗaya suke ɗauka su wuce, don haka ba konsantireta ba ne, wato masu kammala kwas biyu a shiri ɗaya, ba sa shiga lissafi. Ta ce ba ita ta hana ba, dokar Perkins V ce, dokar tarayya da ke ba da kuɗin CTE.

To shin da gaske doka ce ko dai kora da hali ake min? Kuma wani abokin aikina ya ce in raba kwas ɗin gida biyu kawai, Mota 1 da Mota 2, kowanne zango ɗaya, shikenan kowane yaro ya zama konsantireta. Wannan dabarar tana ci kuwa?

Uwar_Biyu

Wa alaikumus salam ƙanina. Irin aikin matar nan nake yi a tawa gundumar, to bari in ɗan kare ta kafin ka ɗauke ta muguwa.

Maganarta ta farko gaskiya ce tsantsa. Dokar nan tun 1984 take ɗauke da sunan Carl D. Perkins, ɗan majalisar wakilai daga Kentucky, an sabunta ta a 1990 da 1998 da 2006, sai wannan ta biyar ɗin da Trump ya sa wa hannu ranar 31 ga Yulin 2018 ta fara aiki 1 ga Yulin 2019. A da can a wurare da yawa malami zai kawo jerin kayan da yake so, in akwai ragowar kuɗi a saya masa, wanda ya fi iya baki ko ya fi kusa da ofis shi ke samu. Babban abin da ta biyar ta canza shi ne CLNA, wato binciken buƙatun yanki, dole kowace gunduma ko kwaleji ta yi shi aƙalla sau ɗaya duk shekara 2, kuma duk dalar Perkins da za a kashe sai an iya nuna buƙatar da take toshewa a cikin wannan binciken. In masu bin diddigi daga jiha suka zo suka ga mota haibirid a shagonka da kuɗin Perkins kuma babu inda aka ambaci buƙatarta, ana iya cewa gunduma ta mayar da kuɗin daga aljihunta, kuma ita matar za a fara tsarewa da tambaya ba kai ba.

Amma ga inda kake da ƙarfi, kuma wlh malamai da yawa ba su sani ba. Sashe na 134 na dokar ya wajabta a tuntuɓi malaman CTE wajen yin binciken, da masu ba yara shawara, da shugabannin makarantu, da 'yan kwaleji, da masu kamfanoni da hukumar samar da aikin yi ta yankin, da iyaye da su kansu ɗalibai. Ba alfarma za su yi maka ba in sun zaunar da kai. Abubuwan da ake dubawa kuwa sun haɗa da yadda yara suka yi a ma'aunan da aka sa, da girma da faɗi da ingancin shirin, da ko ya dace da kasuwar aiki, da samun malamai da riƙe su da horar da su, da ko kowane irin yaro na samun shiga. Kayanka a ƙarƙashin inganci da kasuwar aiki za su shiga. Tambaye ta yaushe ne zagaye na gaba, wurare da yawa sun yi na farko wajen 2019 zuwa 2020 suna maimaitawa duk shekara 2, ka ce a sa sunanka. Kar ka je kai kaɗai kana cewa kwamfuta ta tsufa, wannan kowane malami yana faɗa. Ka zo da masu gareji biyu uku da manajan sabis na wani dila su faɗa da bakinsu a rubuta a minit ɗin taro cewa ba sa ɗaukar yaron da bai san haɗarin babban batir ba. Ko da a ce gyaran mota ba ya cikin jerin sana'o'in da jiharku ta ce ana nema ruwa a jallo, dokar ta bar ƙofar a nuna buƙatar gari ce wadda jerin jiha bai kama ba.

Maganarta ta biyu kuma akwai ɗan gyara. Yawan konsantireta ba shi ne ke yanke nawa gundumarku ke samu ba a lissafin tarayya. Na sakandare kashi 70 bisa yawan yaran talakawa 'yan shekara 5 zuwa 17 ake rabawa, kashi 30 bisa yawan yaran gaba ɗaya. Abin da konsantireta ke taɓawa shi ne rahoton da ake aunaku da shi, da kuma ko jiha ta yarda ajinka cikakken shiri ne da ya cancanci a kashe masa. In kwas ɗaya tilo gare ka babu na biyu, to da wuya ya cika sharaɗin girma da faɗi da jiha ta gindaya, ina zaton abin da take nufi ke nan ba ta dai yi maka bayani sosai ba.

Kuma ka rage buri kaɗan. Duk ƙasar dala biliyan 1.4 da 'yan kai ake rabawa a shekara, jiha na iya riƙe kashi 5 na gudanarwa da kashi 10 na ayyukanta, 85 ɗin da ya rage a raba tsakanin sakandare da kwalejoji, har gundumar da rabonta bai kai dala 15,000 ba sai ta haɗa kai da maƙwabta kafin ta karɓa. Perkins gishiri ne a miya, miyar kanta daga kuɗin jiha da harajin gari take fitowa.

Ɗan_Damagaram

Hajiya kin yi bayani amma gsky ni dai abin nan duk takarda ce. Malam raba kwas ɗinka kawai a wuce wurin. Doka ta ce kwas 2, to ga kwas 2, wa zai zo ya tsaya maka a aji yana ƙirga awa? Mu da muke koya wa yara aikin hannu mu muka san abin da suke buƙata, ba wani kwamiti da ke zama sau ɗaya a shekara biyu ana shan kofi ba. Yaro ya iya canza birki ya iya karanta waya, meye ruwan makin lissafinsa da kuɗin kayan shagona

Malam_Walda

Ɗan Damagaram ina jin zafin da kake ji, ni ma walda nake koyarwa kuma ranar cike fom ba ranar farin cikina ba ce. Amma shawarar nan za ta iya jefa bawan Allah a rami.

Eh dokar tarayya ta ce konsantireta a sakandare shi ne wanda ya kammala aƙalla kwas 2 a shiri ɗaya, amma kowace jiha ita ke fassara me ake nufi da kwas, wasu da kiredit suke aunawa wasu da awanni wasu da lambar kwas da suka riga suka amince da ita. Malami ba ya tashi da safe ya ƙirƙiro Mota 2. In jiharku cikakken kiredit take ƙirgawa, rabi biyu ɗinka kwas ɗaya ne har gobe, ka sha wahalar banza.

A ce ma ta ci. Duk yaron da ya zama konsantireta kun ɗauke shi da kayansa gaba ɗaya: ko ya gama sakandare cikin shekara 4, makinsa na karatu da lissafi da kimiyya a jarrabawar jiha, inda ya faɗa bayan ya fita, da ma'aunin ingancin da jiharku ta zaɓa, ko dai takardar shaidar sana'a, ko kiredit ɗin kwaleji, ko zuwa koyon aiki a wurin aiki na gaske. To yaron da ya shigo ajinka don kawai cike gurbi a jadawali, ba shi da niyyar zama jarrabawar ASE ta shaidar kanikanci, yanzu ya shiga cikin adadin da za a raba da shi. Sai kason masu samun takarda ya faɗi. In gunduma ta kasa kai kashi 90 cikin 100 na matakin da aka amince da shi a ko da ma'auni ɗaya ne, sai ta rubuta tsarin gyara, in aka ci gaba da gazawa shekara 2 a jere bayan nan jiha na da ikon riƙe kuɗin, wani ɓangare ko duka. Wato don a saya maka sikana, wato kwamfutar duba mota, ka jawo wa ajin nas da ajin girki da nawa na walda matsala.

Abin da zan tambaye ka Malam Bakanike, me ya sa yaran ba sa dawowa? Babu kwas na biyu ne sam, ko akwai ba sa ɗauka? Don amsar daban take. Mu lokacin da aka zauna aka warware alƙaluman rukuni rukuni yadda dokar ta ce, maza da mata, masu nakasa, yaran talakawa, masu koyon Turanci, marasa matsuguni, waɗanda ke hannun riƙon gwamnati, 'ya'yan sojoji, sai ga shi ƙarara yaran baƙi masu koyon Turanci suna cika kwas na farko amma a na biyu sai ka neme su ka rasa. Ba ƙin walda suka yi ba. An ɗora kwas na biyun daidai lokacin da ake ɗibarsu zuwa darasin Turanci ne, kuma shekara da shekaru babu wanda ya lura saboda aji na cika da wasu. Matsar da awa ɗaya aka yi a jadawali. Yaran nan namu ne fa, 'ya'yan 'yan Afirka da 'yan Latin, wannan kaɗai ya sa na daina zagin alƙaluman duk da har yanzu ba na son cike su.

Maganar lissafi kuwa, yaron da bai iya kasafin inci ba ba zai iya karanta zanen walda ba, kai ma ka sani wanda bai gane dokar Ohm ta lantarki ba zai yi ta canza fis ne har mai mota ya gaji.

Bakaniken_Makaranta

Allah ya saka da alheri Hajiya, Malam na gode. Kwas na biyu akwai shi a takarda amma ba a taɓa buɗe shi ba tunda na zo, wai babu isassun masu rajista, su kuma yara ba sa ganinsa a fom ɗin zaɓen darussa to ta yaya za su yi rajista. Zan tunkari mai ba da shawara da shugaban makaranta kafin a fitar da fom na baɗi.

Sauran tambaya biyu Hajiya. Kafin zagayen CLNA ya zo babu abin da za a iya saya ko ƙanana ne, irin man inji da safar hannu da fis? Sannan wannan na inda yaro ya faɗa bayan ya gama, wa ke bin sawunsu, ni ne?

Uwar_Biyu

Ƙananan ma sun fi wuya ƙanina. Akwai ƙa'idar cewa kuɗin Perkins ƙari ne a kan abin da gunduma ke kashewa, ba madadinsa ba. In bara da kuɗin makaranta aka sayi mai da fis, bana ba za a juya a ce Perkins ya biya ba, kuma jihohi da yawa ma ba sa yarda a sayi kayan da ke ƙarewa da shi. Safar lantarki da kayan gwajin babban batir kuwa sabon abu ne da ba ku taɓa yi ba, sun fi sauƙin karewa. Ka nemi kwafin CLNA ɗin da ke aiki yanzu ka karanta da kanka, sau da yawa akwai jimla mai faɗi kamar sabunta kayan aiki su dace da na masana'anta, in akwai sai ta nemi jiha ta amince a gyara kasafin. Lokacin da ya fi kyau ka je mata shi ne wajen Fabrairu zuwa Afrilu, don abin da gunduma ba ta kashe ba a shekarar komawa jiha yake yi a sake rabawa, babu mai riƙe da kuɗi da ke son ya mayar. Ka je da farashi a rubuce daga masu sayarwa. Ka kuma tambaye ta kuɗin ajiya, dokar ta yarda jiha ta ware har kashi 15 na rabon ƙananan hukumomin ilimi, a da 10 ne, wasu jihohin gasa suke sawa a nema kuma irin shirin motar lantarki yana jan hankali.

In an saya, duk abin da ya kai matsayin babban kaya sai an manna masa lamba an shigar a rajista ana ƙirga shi. Iyakar tarayya ta tashi daga dala 5,000 zuwa 10,000 tun Oktoban 2024 amma jiha ko gunduma na iya tsayawa a ƙasa da haka, kar ka ɗauki sikanar ka kai gida gyaran motar maƙwabci.

Bin sawu kuma, abin da ake so a sani shi ne a zango na biyu na wata uku uku bayan yaro ya fita, wato wanda ya gama a Yuni ana duba Oktoba zuwa Disamba, yana kwaleji ko ƙarin horo, ko soja, ko hidimar ƙasa irin AmeriCorps da Peace Corps, ko yana aiki. Wasu jihohin na haɗa bayanai da rajistar albashi da ta kwalejoji, amma sakandare da yawa ba sa karɓar lambar soshiyal ta yara, wato Social Security, to sai a koma kiran waya, kuma eh yawanci kan malami yake faɗowa don kai yaro zai ɗaga wa waya ba ofis ba. Karɓi lambarsu da ta iyaye da imel ɗin da ba na makaranta ba tun kafin bikin yaye su, na makaranta rufe shi ake yi.

Baba_Kwaleji

Na zo a makare. Ni a kwalejin al'umma nake, ɓangaren injin sanyaya ɗaki da ɗumama shi. Namu lissafin daban ne, konsantireta shi ne mai kiredit 12 a shiri ɗaya ko wanda ya gama shirin da bai kai 12 ba, ma'auni 3 kacal gare mu, kuma rabonmu bisa yawan masu tallafin Pell, kuɗin karatu da gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai marasa ƙarfi, yake tafiya.

Abin da ban ga an faɗa ba, ɗana, je ka ga kwalejin da ke kusa da ku. In suna da shirin mota to akwai yiwuwar motar haibirid da kake mafarki tana ajiye a shagonsu. A ƙulla yarjejeniya kwas ɗinka na biyu ya zama na rajista biyu, yaro na sakandare yana tara kiredit ɗin kwaleji, wasu ranaku a kai su can. Kai ka samu kwas na biyu na gaske, su sun samu ɗalibai masu zuwa, dokar ma abin da take nufi da tsararren shiri ke nan, ya taso daga sakandare ya haura kwaleji ya ƙare da takardar shaida. Sai dai a duba takardunka, don kwaleji na da nata sharaɗin kafin ta yarda malamin sakandare ya koyar da kwas ɗinta, shekarunka na gareji da ASE ɗinka za su taimaka.

Mu kuma abin da ya hana mu barci yanzu Workforce Pell ne, wanda ya fito a babbar dokar kasafin da aka sa wa hannu 4 ga Yulin 2025, farawa 1 ga Yulin 2026. Gajerun shirye-shirye na sati 8 zuwa ƙasa da 15, awa 150 zuwa 599, za su iya samun Pell, amma sai gwamna ya amince da shirin, sai kashi 70 na ɗalibai suna kammalawa, sai kashi 70 na masu kammalawa sun samu aiki, kuma kuɗin makaranta kar ya wuce ƙarin albashin da shirin ke jawowa. Perkins in ka gaza tsarin gyara za ka fara rubutawa, wannan kuwa fita za ka yi. Tsorona kar kwalejoji su fara tace masu shiga don kare kashi 70 ɗin, a bar mai aikin dare da uwa mai goyo a waje, su da aka ce don su aka yi abin. Ga shi kuma tun 2025 gudanar da Perkins na yau da kullum ya koma hannun Ma'aikatar Ƙwadago bisa yarjejeniya da Ma'aikatar Ilimi, dokar ba ta canza ba amma kowa ya ga inda aka dosa, maganar samun aiki da albashi za ta ƙara nauyi.

Mamansu

Ni ba malama ba ce uwa ce, ina ta karantawa. Ashe iyaye na da kujera a wannan taron? wlh ba a taɓa kiranmu ba ko kuma an turo a imel ban gane ba. 'Yata ta biyu tun tana ƙarama take bin babanta ƙarƙashin mota, ta ce za ta ɗauki ajin kanikanci, dangi har daga gida ana bugo waya wai mun kawo yarinya Amurka ta zama bakanike maimakon likita. Ita kaɗai ce mace a ajin kuma rigar aikin da aka ba ta ta maza ce har ƙasa take ja, ga maganar hijabi kusa da inji ba wanda ya ce mata komai

Malam_Walda

Maman yara ki je, kuma ki faɗi maganar rigar nan da bakinki a taron. Cikin ma'aunan akwai na shigar mata sana'ar da maza suka mamaye da maza sana'ar da mata suka mamaye, duk aikin da wani jinsi bai kai kashi 25 na ma'aikatansa ba, kanikanci da walda na ciki, kuma wurare da yawa a nan suke faɗuwa. Don haka ofishin CTE na neman irin 'yarki ido rufe, za su saurare ki. Ki kira gunduma ki ce a haɗa ki da mai kula da CTE, ki ce kina son shiga kwamitin ba da shawara a matsayin uwa, in Turanci na ba ki wahala ki nemi tafinta.

Hijabi kuma kar a jira taro. Gobe ta sa mai kama kai wanda ba shi da jela, ta tura shi cikin wuyan riga, na auduga ba na roba ba saboda tartsatsi, fanbel ba ya jira. Ki sa ta gaya wa malaminta ya duba mata.